Furen Sakura da Lissafin Lokaci a Japan: Abin da Matafiyi Ya Kamata Ya Fahimta

A harabar wurin bauta na Yasukuni da ke tsakiyar Tokyo akwai wata tsohuwar bishiya da aka keɓe. Idan watan Maris ya raba tsakiya, ma'aikatan Hukumar Kula da Yanayi ta Japan kan je su tsaya a gindinta suna ƙirga furanni, 'yan jarida na kewaye da su. Ranar da suka ga fure biyar ko shida sun buɗe, sai su sanar cewa sakura, wato furen itacen cherry na Japan, ta fara a Tokyo, kuma kafin magariba labarin ya karaɗe ƙasa. Idan kashi 80 cikin ɗari na furannin bishiyar suka buɗe, sai a sake sanarwa cewa ta cika. Kowane babban gari yana da irin wannan bishiya tasa, kuma tun 1953 hukumar take rubuta ranakun.

Tsakanin sanarwar farko da ta biyu, kamar mako guda ne. Bayan ta cika kuma, wani makon ne furen ya fara zuba, idan ma ruwan sama da iska ba su gaggauta shi ba. Wannan ɗan taƙaitaccen lokaci shi ne miliyoyin mutane ke sayen tikitin jirgi dominsa tun watanni kafin ya zo, kuma a nan matsalar take, domin babu wanda zai iya faɗa maka ranar tun daga nesa. A 2023 an sanar da farawar furen Tokyo ranar 14 ga Maris. Waɗanda suka ɗauki wannan a matsayin ma'auni suka tsara tafiyarsu ta shekara mai zuwa, sun sauka sun tarar da rassa tsirara, domin a 2024 sai ranar 29 ga Maris aka yi sanarwar. Kwana 15 cur tsakanin shekara da shekara, a bishiya guda.

Kafin a fahimci dalilin haka, sai an san wace irin bishiya ce. Sakura iri-iri ce, ɗaruruwa, amma wadda ta cika titunan birane da bakin koguna da harabar makarantu ita ce Somei Yoshino. Masu lambu na ƙauyen Somei, wanda yanzu ya shige cikin Tokyo, su ne suka fara sayar da ita a ƙarni na 19. Haɗin iri biyu ce, Oshima da Edohigan, kuma ba a shuka ƙwayarta a samu irinta. Aure ake yi mata: a yanko reshe a ɗaura a kan wani kututture. Saboda haka duk Somei Yoshino da ke Japan, daga tsibirin Kyushu na kudu har kudancin tsibirin Hokkaido na arewa, asalinta jiki ɗaya ne aka yi ta rarrabawa. Bishiyoyin da ke gari ɗaya, suna shan sanyi ɗaya da rana ɗaya, dole su buɗe tare su zube tare. Ga shi kuma furenta kan riga ganye fitowa, sai bishiyar ta zama fari fat da ɗan ratsin ja, babu kore ko kaɗan. Abin da ya sa ta fi kowace ɗaukar ido shi ne dai ya sa ba ta jira: ba wadda za ta makara ta tsaya wa wanda ya makara.

Ita kuma ranar buɗewa abu biyu ne ke yanke ta. Tun lokacin zafin shekarar da ta gabata bishiyar ke ƙulla tohon furenta, sannan tohon ya kwanta barci. Ba ya farkawa sai ya sha sanyin hunturu isasshe. Bayan ya farka ne ɗumin watan Fabrairu da Maris ke tura shi ya girma. Masu hasashe a Tokyo suna da wani lissafi na gargajiyar aikinsu: a tara mafi girman zafin kowace rana daga 1 ga Fabrairu, idan jimillar ta kai digiri 600, fure ya kusa. Lissafin kan yi daidai sau da yawa, amma yana ƙirga ɗumi ne kawai, bai san ko tohon ya ƙoshi da sanyi ba. A 2024 hunturu ya zo da sauƙi, tohon bai farka da wuri ba, sannan Maris ya zo da sanyi ya ƙara riƙe shi. Hukumar yanayi ma ta daina fitar da hasashe tun 2010, ta bar wa kamfanoni masu zaman kansu, ita dai tana lura tana sanarwa idan abin ya faru.

Sai dai Japan doguwar ƙasa ce, kuma wannan shi ne abin da ke ceton matafiyi idan ya san shi. Furen ba ya buɗewa ko'ina a rana ɗaya. Yana tasowa daga kudu yana haurawa arewa, yana kuma hawa daga kwari zuwa tsauni. A Okinawa wani iri mai jan fure kan buɗe tun Janairu. A garin Kawazu da ke zirin Izu akwai irin da ke fitowa a Fabrairu ya kai kusan wata guda a kan reshe. Tokyo da Kyoto da Osaka na ƙarshen Maris ne zuwa farkon Afrilu. Hirosaki, can arewacin babban tsibiri, inda bishiyoyi kusan 2,600 suka kewaye tsohuwar fadar garin, sai ƙarshen Afrilu. Sapporo, babban birnin Hokkaido, na biye, gabashin Hokkaido kuma sai Mayu ya yi nisa. Wanda ya iso Tokyo ya tarar an share furen daga ƙasa, jirgin ƙasa na Shinkansen zai kai shi inda ake farawa cikin sa'o'i biyu ko uku.

Ni dai idan aka tambaye ni, tsaunin Yoshino da ke lardin Nara nake nuna wa mutum. Bishiyoyi kusan 30,000 ne a jikinsa, yawancinsu irin daji ne da ake kira yamazakura, wanda furensa ke fitowa tare da jajayen sababbin ganye. Ba jiki ɗaya ba ne su, kowace da halinta, ga shi kuma tsaunin hawa-hawa ne, don haka furen kan faro daga gindi ya yi ta haurawa tsawon makonni a cikin Afrilu. Masu ziyarar ibada ne suka yi ta dasa su ƙarni bayan ƙarni. Wannan ita ce sakurar da mutanen dā suka sani, tun kafin a san da Somei Yoshino.

Zama a gindin bishiya don kallon fure, wanda suke kira hanami, daga fada ya faro. A zamanin Nara, tsakanin 710 da 794, furen ume, wani itace ɗan uwan sakura mai fure tun ƙarshen hunturu, shi ne abin yayi a wajen manya, ɗabi'ar da suka ɗauko daga ƙasar Sin. Daga baya sakura ta karɓe, kuma an rubuta cewa Sarki Saga ya yi walimar kallonta a lambun Shinsen-en na Kyoto a shekarar 812. A 1598 Toyotomi Hideyoshi, wanda ya haɗe kan ƙasar da takobi, ya sa aka dasa bishiyoyi 700 a haikalin Daigo-ji na Kyoto ya tara baƙi fiye da dubu, watanni kaɗan kafin rasuwarsa. Talakan birni bai samu rabonsa sosai ba sai da Tokugawa Yoshimune, shugaban soja mai riƙe da mulkin ƙasar, ya sa aka dasa itatuwa a tudun Asukayama da ke Tokyo ta yau a 1720, aka bar kowa ya shiga. Amma manomi yana da tasa alaƙar da bishiyar wadda ba ta da haɗi da fada. A ƙauyukan arewa har yau akwai tsofaffin itatuwa da ake kira sakurar shuka, domin idan sun yi fure manomi ya san ƙasa ta yi ɗumin da za a zuba irin shinkafa, kamar yadda manomin ƙasar Hausa ke gyara gona idan ya ga shamuwa ta sauka. Kallon bishiya don sanin lokaci ya riga kallonta don sha'awa, kuma ma'aikacin da ke ƙirga fure a Yasukuni wannan tsohon aikin yake ci gaba da yi.

Akwai wani shafi na tarihin da ba a cika nuna wa baƙo ba, kuma bai kamata a tsallake shi ba. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu gwamnatin soja ta yi amfani da zubar furen wajen ƙawata mutuwar samari, tana cewa su faɗi kamar yadda yake faɗuwa. An zana shi a jikin jiragen ƙunar baƙin wake. Shi kansa Yasukuni wuri ne da ake girmama mamatan yaƙi, ciki har da shugabanni 14 da aka tuhuma da manyan laifukan yaƙi, abin da ke tayar da jijiyar wuya tsakanin Japan da Sin da Koriya ta Kudu duk lokacin da wani babban ɗan siyasa ya kai ziyara. Wanda zai tsaya a gindin waccan bishiya ya dace ya san inda yake tsaye.

Yanzu ga abin da na fi so mai karatu ya riƙe. Sakura zobe ɗaya ce a cikin doguwar sarƙa. Tsohuwar kalandar da Japan ta gada daga Sin ta raba shekara gida 24, kowane kusan kwana 15, sannan kowane gida aka sake raba shi uku, ya zama 72, kowane kusan kwana biyar. A 1685 masanin taurari Shibukawa Shunkai ya gyara sunayen don su dace da yanayin ƙasarsa. Akwai kwana biyar na iskar gabas mai narkar da ƙanƙara, akwai na fara kukan tsuntsun uguisu, akwai na dawowar tsattsewa, akwai na fara kukan kwaɗi. Buɗewar sakura ɗaya ce kawai daga cikin 72 ɗin. Ba kowane ɗan Tokyo ne zai iya jero maka su ba, amma tunanin yana nan a raye: a abincin da ake sayarwa, a zanen da ke jikin kwano, a layin farko na wasiƙa, wanda bisa ladabi ake buɗe shi da ambaton yanayin da ake ciki.

Bisa wannan lissafi, lokacin toho yana shigowa ne tun kusan 4 ga Fabrairu, alhali ƙanƙara na ƙasa. Ana gobe ake yin Setsubun, inda ake watsa gasasshen waken soya a ƙofar gida ana cewa sharri ya fita, alheri ya shigo, kowa kuma ya ci ƙwayoyi daidai shekarunsa. Sai furen ume, wanda a ganina ya fi cancantar tafiya fiye da yadda ake ba shi daraja. Yana da ƙamshi, abin da Somei Yoshino ba ta da shi sosai, yana daɗewa a kan reshe, kuma ba a turereniya a wajensa. Lambun Kairakuen na garin Mito, wanda aka buɗe a 1842, yana da itatuwansa kusan 3,000. Ranar 3 ga Maris gidajen da ke da 'ya'ya mata kan jera 'yan tsana masu kayan fada a kan matakala mai jan ƙyalle, suna yi wa yaran fatan lafiya. Daga 1 zuwa 14 ga Maris kuma, a haikalin Todai-ji na Nara, ana wani bikin addinin Buddha da ake kira Omizutori, inda ake zagaya barandar ginin katako da manyan wutace da dare, tartsatsi na zuba. Tun shekarar 752 ake yin sa ba a taɓa fashi ba, kuma mutanen yankin kan ce sanyi ba ya tafiya sai an gama shi. Kusa da 20 ga Maris, lokacin da dare da rana ke daidaita, ana mako guda na ziyartar kaburbura, a share su, a wanke duwatsun.

Wanda ya lura zai ga wasu ranakun ba su dace da yanayin ba. Bikin 'yan mata na 3 ga Maris ana kiransa bikin furen momo, wato itacen peach, amma a yawancin ƙasar momo ba ta yi fure ba a ranar. Dalili shi ne a 1873 gwamnatin Sarki Meiji ta ajiye kalandar wata ta ɗauki ta Turawa, aka kwashe bukukuwan da lambobinsu aka ɗora a kan sabuwar, sai kowane ya matso gaba da kusan wata guda. Shi ya sa wasu yankuna masu sanyi har yau suke yin nasu a Afrilu.

Gwamnatin nan ce kuma ta ɗaura wa sakura nauyin da take ɗauke da shi a zuciyar mutanen yau. Tun 1886 shekarar kasafin kuɗi ke farawa ranar 1 ga Afrilu, makarantu da kamfanoni suka bi sahu. A Maris ake yaye ɗalibai, ake sauya wa ma'aikata wurin aiki, ake kwashe kaya daga gari zuwa gari. A farkon Afrilu yaro ɗan shekara shida ke goya jakarsa ya shiga aji ɗaya, wanda ya gama jami'a ya sa baƙar kwat ya tafi ranar farko a ofis. Duk rabuwa da duk sabon farawa na rayuwar mutum a ƙarƙashin furen nan suke faruwa. Idan ka ga dattijo ya tsaya shiru yana kallon bishiya, akwai yiwuwar ba kyan furen kaɗai yake gani ba. Baƙo ba zai iya jin abin da yake ji ba, amma sanin haka yana sauya yadda mutum ke tafiya a cikin taron.

Shi kansa zaman hanami abu ne mai sauƙi. Ana shimfiɗa shuɗiyar leda, a cire takalmi kafin a hau, a buɗe abinci. A ma'aikatu an saba tura ƙaramin ma'aikaci tun safe ya kama wuri. Ba a karya reshe, ba a girgiza shi don hoto, ba a taka saiwa, domin bishiyar ba ta jure rauni, wurin da aka ji mata ciwo ruɓewa yake yi. Kwandon shara ba shi da yawa, kowa da ledarsa yake komawa gida. Ana shan giya sosai a wurare irin su lambun Ueno na Tokyo, musamman da dare, don haka Musulmi ko mai tafiya da iyali zai fi samun natsuwa a lambun Shinjuku Gyoen na birnin, inda aka hana shiga da barasa, kuma akwai iri-irin sakura masu buɗewa a lokuta daban-daban. Batun abinci yana buƙatar lura: mirin, wadda giyar shinkafa ce mai zaƙi, tana shiga miya da romo da yawa, haka ma sinadaran alade a abincin kanti. Kayan zaƙin gargajiya na wannan lokaci, kamar sakura mochi da ake naɗewa da ganyen bishiyar da aka jiƙa a gishiri, yawanci shinkafa ce da jan wake da sukari, amma tambaya ba ta ɓata komai. Akwai ɗakunan salla a manyan filayen jirgi, akwai babban masallacin Tokyo Camii, akwai kuma na Kobe da aka gina a 1935. Da yawa daga cikin fitattun wuraren furen harabar wuraren bauta ne, kuma babu mai tilasta wa baƙo ya yi abin da masu wurin ke yi. Ya shiga da ladabi, ya kalli bishiya, ya fito.

Abu biyu kan shammaci wanda ya taso daga ƙasa mai zafi. Na farko sanyi: ƙarshen Maris a Tokyo, da rana ta faɗi sai an nemi rigar ɗumi, kuma sanyin da ke dawowa daidai lokacin furen sananne ne har suna gare shi. Na biyu ƙurar furen itacen sugi. Bayan yaƙi gwamnati ta cika tsaunuka da wannan itace don samun katako, daga baya katakon waje ya zo da araha, aka bar dazukan ba a sare ba, suka girma suna ta feso ƙura daga Fabrairu zuwa Afrilu. Kusan mutum huɗu cikin goma a ƙasar na fama da atishawa da ƙaiƙayin ido a wannan lokaci, ana ba da hasashen ƙurar kullum tare da na ruwan sama, kuma a 2023 gwamnati ta fitar da shirin rage dazukan da kusan kashi 20 cikin ɗari a shekara goma. Yawan takunkumin da za ka gani a fuskoki a Maris, wannan ne babban dalilinsa.

Ga kuma cunkoso. A Maris na 2024 baƙin da suka shiga Japan sun haura miliyan 3 a wata guda, karo na farko a tarihi, kuma a shekarar gaba ɗaya sun kusa miliyan 37. Kyoto ce ta fi jin jiki, inda mazauna kan rasa wurin shiga bas ɗin unguwarsu, har a Afrilun shekarar aka hana baƙi shiga wasu lunguna na tsohuwar unguwar Gion saboda damun masu aiki a wurin da kyamara. Ina ganin hakkin mutanen gari ne a kan matafiyi ya rage musu wannan nauyi, kuma hanyar a buɗe take, tunda kusan kowane ƙaramin gari yana da bakin koginsa da itatuwansa, kuma furen ɗaya ne.

Bayan Somei Yoshino ta zube ma ba a gama ba. Sakura mai ruɓi-ruɓi kan fito a tsakiyar Afrilu, lokacin da ma'aikatar buga kuɗi ta Osaka ke buɗe hanyar lambunta ga jama'a na mako guda, al'adar da ta faro a 1883. Ana haƙo tohon gora ana dafawa, furen fuji, wata shuka mai yaɗo, na saukowa daga rumfuna a garin Ashikaga. Dare na 88 daga farkon lokacin toho, wato kusan 2 ga Mayu, shi ne na tsinkar sabon ganyen shayi a Shizuoka da Uji. Ranar 5 ga Mayu ake ɗaga tutoci masu siffar kifi don yara. Sai dai daga 29 ga Afrilu zuwa 5 ga Mayu hutu ne a jere da ƙasar gaba ɗaya ke kan hanya, otal ya yi tsada, jirgin ƙasa ya cika, don haka mai niyyar Hirosaki ya kama wuri da wuri.

Duk wannan lissafi yana motsi, kuma an san haka da hujja. Wani malamin jami'a a Osaka, Yasuyuki Aono, ya bi littattafan fada da na haikali na Kyoto ya tattaro ranakun cikar furen tun daga ƙarni na 9. Ɗaruruwan shekaru ranar tana yawo a kusa da tsakiyar Afrilu. Daga ƙarni na 19 ta fara matsowa, har a 2021 furen ya cika ranar 26 ga Maris, abin da ba a taɓa rubuta irinsa ba kafin nan cikin shekara 1,200. Ɗumamar duniya da zafin da birane ke tarawa su ne dalili. A Tokyo, furen da iyaye suka saba ɗaukar hoto a ƙarƙashinsa ranar shiga makaranta yanzu sau da yawa ya zube kafin ranar, sai dai a same shi ranar yaye ɗalibai. A kudancin Kyushu kuma damuwar ta juya: hunturu na ƙara sauƙi, tohon ba ya samun sanyin da zai farkar da shi gaba ɗaya, sai bishiya ta buɗe jefi-jefi maimakon lokaci guda. Yawancin itatuwan birane an dasa su ne bayan yaƙi, sun tsufa, ga kuma wani ƙwaro mai jan wuya da aka fara ganin ɓarnarsa a lardin Aichi a 2012 yana cin cikinsu. Wasu garuruwa sun fara maye gurbin waɗanda suka mutu da wasu ire-iren da suka fi jure cuta, waɗanda launinsu da ranar buɗewarsu suka ɗan bambanta da na Somei Yoshino.